Earthlearningidea a Gaban Dutse: Ko Ya Isa a Horar da Malaman Labarin Ƙasa da Shi?

Manhajar labarin ƙasa ta babbar sakandare ta tanadi aikin fili, WAEC da NECO kuma suna tambaya a kan duwatsu da ƙasa da zaizaya. Amma malamai da dama a allo suka koyi rabe-raben duwatsu uku (wanda ya daskare daga narkakken dutse, na shimfiɗa, da wanda zafi da matsi suka rikiɗa), a allon kuma suke koyar da su. Malamin da zai zayyana maka yadda giranit ke samuwa tiryan-tiryan, in ka miƙa masa gutsure biyu, ɗaya daga Kufena ta Zariya, ɗaya daga Dutsen Bima na Gombe, sai ka ga yana ta juya su a hannu. Ba laifinsa ba ne. Ba a taɓa tsayar da shi gaban dutse an tambaye shi abin da idonsa ya gani ba. Wanda zai shirya wa irin waɗannan malamai horon fili yana buƙatar abin da zai ɗora horon a kai, kuma abin da ya fi sauƙin samu, kyauta, shi ne Earthlearningidea, wani shafin intanet na darussan ilimin ƙasa.

Malamai uku ne 'yan Birtaniya suka kafa shi a 2007: Chris King, farfesan koyar da ilimin ƙasa a Jami'ar Keele wanda ya rasu a 2022, da Peter Kennett, da Elizabeth Devon. Sun fara ne albarkacin shekarar 2008 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ilimin doron ƙasa, da nufin taimaka wa makarantun da ba su da ɗakin gwaje-gwaje. Yanzu darussan sun kai ɗaruruwa. Kowanne 'yar takardar PDF ce mai shafi kaɗan, ana sauke ta a waya ba tare da biyan ko kwabo ba. Gabanta yana bayanin aikin da za a yi, bayanta kuma yana faɗa wa malami shekarun ɗaliban da ya dace da su, mintocin da zai ci, ƙa'idar kimiyyar da ke ƙarƙashinsa, da kayan da za a nema. Darasin da ke buƙatar kayan ɗakin gwaji ko zurfin tunani an yi masa alamar ELI+, don haka malamin ƙauye ya san abin da zai tsallake. Tun 2019 ƙungiyar masana ilimin ƙasa ta Turai, EGU, take horar da wakilai masu zagayawa suna koyar da malamai da waɗannan darussa.

Abin da ya fi komai daraja a ciki, ga mai horon fili, shi ne jerin takardu fiye da 10 na tambayoyin da za a iya yi a gaban kowane dutse. Akwai ta ruɓewar dutse, ta zaizaya, ta ƙasa, ta gane dangin dutse, ta ƙwayoyin yashi, ta burbushin halittu, ta lanƙwasa da tsagewa, ta jera abin da ya riga wani faruwa, har da ta amfanin wurin fasa dutse ga tattalin arziki. Dabarar guda ce: mai horarwa ya kame bakinsa daga lacca. Maimakon ya ce “wannan giranit ne, shekarunsa miliyan 600,” sai ya tambaya: launi nawa kuke gani a cikinsa? Ƙwayoyin a sarƙe suke da juna, ko manne su aka yi kamar yashi a siminti? Ƙusa tana kankare su?

A ɗauki falalen dutse irin na Kufena ko Kwatarkwashi. Da gilashin ƙara girma mai ninki 10, malami zai rarrabe abu uku: kwats mai kama da fasasshen gilashi, felsfa fari ko ja-ja mai faffaɗar fuska, da maika baƙi mai ƙyalli da ke ɓarewa falle-falle. Da ya ga ƙwayoyin a sarƙe suke, babu rata tsakaninsu, ya gane narkakken dutse ne ya daskare. Girmansu kuma, wani felsfan ya kai tsawon ɗan yatsa, shi ke nuna a hankali ya huce, can cikin ƙasa. Sai tambayar da ke sa kowa ya yi shiru: in a can ƙasa ya daskare, ina abin da ya lulluɓe shi ya tafi? Daga nan zancen zaizaya ya shigo da kansa, ba wanda ya jawo shi. In aka sami jijiyar farin kwats ta ratsa dutsen, a tambaya wanne ya girmi wani. Wanda ya yanka shi ne ƙarami. In aka sami baƙin gutsure a nutse cikin giranit, gutsuren ne babba, domin sai da ya wanzu kafin narkakken dutsen ya haɗiye shi. Da waɗannan ƙa'idoji biyu kaɗai malamai huɗu za su jera tarihin fili mai faɗin mita 10 cikin minti 30, su yi gardama, su daidaita. Wanda ya sha wannan gardama ba ya mantawa.

Inda ake yawan ɓata wannan darasi shi ne haƙuri. Mai horarwa ya yi tambaya, aka yi shiru na daƙiƙa biyar, sai ya ba da amsa da kansa. Shi ke nan, an koma aji. Kuskure na biyu, duba bayan dutsen da rana da ruwa suka daɗe suna duka. Giranit ɗinmu yakan yi baƙin ɓawo a waje, sai a ɗauka baƙin dutse ne. Dole a fasa a ga sabuwar fuska, ko a nemi wurin da masu fasa dutse suka riga suka buɗe. Na uku, riƙon gilashin. A jikin ido ake kafa shi, a kawo dutsen kusa har ya fito sarai, mutum yana tsaye yadda haske zai faɗa kan dutsen. Mai riƙe shi nesa kamar madubi ba abin da zai gani.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma a nan tsarin ya cika alkawarinsa. Ga kowane rukuni na mutum huɗu: guduma ɗaya, tabaran kare ido biyu, gilashi biyu, kamfas ɗaya, tef ɗin awo, ƙusa mai inci 4, guntun wayar tagulla, kwalbar asid, jakunkunan leda da alƙalamin da ba ya gogewa. Kowa da littafinsa mai kaurin bango da fensir, domin biro yakan ƙi rubutu a takardar da ta sha gumi da ƙura. Awon tauri da waɗannan ake yi, a ma'aunin da ke tashi daga 1 zuwa 10: farce 2.5, tagulla wajen 3, ƙusa ko gilashi wajen 5.5. Jifsam, ma'adini mai taushi irin na yankin Dange, 2 ne, farce yana kankare shi. Kalsait, ma'adinin dutsen farar ƙasa, 3 ne, felsfa 6, kwats 7, shi ya sa kwats ke yanka kwalba. A goge wurin da yatsa bayan an kankara, domin sau da yawa farin layin da aka gani garin ƙusar ne ya kwanta a kan kwats, ba yanka ba ne. Gudumar kafinta ba ta wannan aiki ba ce, bakinta yakan ɓalle ya yi tsalle. In babu ta masana duwatsu, ƙaramar gudumar magina mai nauyin kilo 1 ta wadatar. Kada kuma a taɓa dukan guduma da guduma.

Batun asid yana son a tsaya a kansa: da shi ake gane dutsen farar ƙasa, domin yana kumfa in an ɗiga masa. Haidirokulorik mai rauni ake so, ƙarfin mola 0.5 ya isa makaranta: mililita 4 na mai ƙarfin da ke ɗakin gwaji a cikin mililita 96 na ruwa. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, kuma malamin kimiyya ne ya kamata ya haɗa. A zuba a kwalba mai ɗigo ta mililita 30, a rubuta mata suna da jan alƙalami. Kwalbar maganin ido ba ta shiga wannan aiki ko an wanke ta, saboda wata rana wani zai ɗauka magani ne. Ruwan batir kuwa haramun ne a nan: ga ƙuna, ga shi yana yi wa dutsen farar ƙasa ɓawon jifsam da ke tsayar da kumfar, sai a ce ba shi ba ne alhali shi ne. In babu komai, ruwan khal ko na lemon tsami yana yi, amma sai an kankaro garin dutsen an ɗiga a kai, an duba da gilashi. Abu biyu ke ruɗin sabon hannu. Dutse mai ƙofofi yakan fitar da iska in ya sha kowane ruwa, don haka a ɗiga ruwan sha a gefe a kwatanta. A kusa da masana'antar siminti kuma, kamar Kalambaina ko Ashaka, ƙurar da ta kwanta a kan kowane dutse tana kumfa, sai an fasa an gwada ciki.

Awon gangarar shimfiɗun dutse ma ba ya buƙatar kamfas mai tsada. Furotiraktar da ke cikin gwangwanin lissafi na ɗalibai, da zare, da noti ɗaya, sun zama ma'auni. A zuba ruwa kaɗan a kan shimfiɗar, inda ya bi nan ne gangara. A rataya notin da zaren daga tsakiyar miƙaƙƙen gefen, a daidaita gefen da wannan layi, gefen da'ira yana ƙasa, a karanta inda zaren ya tsaya, a cire daga 90. Wanda ya karanta 70 ya rubuta 70 ya yi kuskure, digiri 20 ne. A dutsen yashi na Bima akwai wani tarko: cikin kowace shimfiɗa akwai ƙananan layuka a karkace, waɗanda ruwan kogi ya bari lokacin da yake tura yashi. Su alƙiblar tsohon kogin suke nunawa, ba karkatar dutsen ba. A ƙasar Sakkwato kuwa shimfiɗun kusan a kwance suke, sun ɗan rusuna arewa maso yamma, wannan ma'auni ba zai kama ba, kada a ɓata lokaci. Kamfas yana son a nisanta shi da guduma, waya da mota, kuma a kan baƙin dutsen aman wuta na Biu ko Panyam allurarsa takan kauce.

Darussan cikin aji da ake yi kafin a fita suna da kyau ƙwarai, musamman na ruwa. A cika gwangwani mai lita 1 da busasshen yashi, a riƙa zuba ruwa da ma'auni har ya taso: yakan sha mililita 300 zuwa 400. A jefa dutsen yashi da giranit cikin ruwa, na farko ya yi ta fitar da kumfa, na biyu shiru. Sai tseren ƙasa: gorunan ruwa uku a yanke gindinsu, a ɗaure ƙyalle a baki, a kifa, a zuba jigawa a ɗaya, jar ƙasa a ɗaya, lakar fadama a ɗaya, kowacce daidai da 'yar'uwarta, sannan mililita 200 na ruwa a lokaci guda. A jiƙa ƙasar tukuna. Busasshiyar laka tana da tsaga, ruwa zai bi gefen gorar ya riga na yashi sauka, darasin ya juye. Malamin da ya yi waɗannan uku zai iya bayyana wa ɗalibansa dalilin da rijiyar burtsatse ke ba da ruwa a wannan unguwa ta ƙi a waccan: a ƙasar giranit ruwa a ruɓaɓɓen dutse da tsagogi yake zama, ba a jikin lafiyayyen dutsen ba. Akwai kuma na akwati mai gilashi da ake jera yashi da gari a tura da katako a ga yadda tsaunukan Himalaya suka lanƙwashe. Yashin ya bushe sarai, garin kuma a bakin gilashin kawai ake barbaɗa shi siriri.

Na tsawon zamani ya fi armashi in aka sa masa namu duwatsun. Igiya mai mita 46 ita ce shekarun duniya miliyan 4,600, kowace santimita shekara miliyan 1. Tsohon giranit na Zariya yana mita 6 daga ƙarshe. Na Jos, mai kuza da kwalambait, bai kai mita 2 ba. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina, da katantanwa da makankarin da suka daskare a cikinsa tun teku na kwance a Sakkwato, wajen santimita 60. Ɗan Adam irinmu milimita 3. Maƙeran da suka narka tama a Dala a ƙarni na 7 ba su kai kaurin silin gashi ba.

To, ina gazawar? Babbarta marmara. An rubuta darussan ne a ƙasar da dutse ke kusa da sama, ga bakin teku, ga tsofaffin ramukan haƙa. A yawancin ƙasar Hausa abin da malami zai tarar bayan makarantarsa jar ƙasa ce da marmara da burji, lafiyayyen dutse yana can ƙasa. Dala da Goron Dutse kansu hular marmara ce ta hana su zaizayewa. Tambayoyin gane dangin dutse ba sa kama marmara da kyau, sai malami ya ga tsakuwa a manne ya ce dutsen shimfiɗa ne, alhali dutsen wurin ne ya ruɓe a inda yake, ruwa ya wanke abin da zai wanke, ƙarfe ya taru ya ƙame. Mai horarwa dole ya rubuta wa wannan darasi na kansa. Ramin burji ko bangon busasshen kududdufi ya isa: a auna kaurin ƙasar sama, marmara, laka mai dabbare-dabbare, sannan ruɓaɓɓen dutse da ke marmashewa a hannu amma zanen giranit na nan a jikinsa. A zana shi da ma'auni, santimita 1 a takarda a madadin santimita 20. A gayyato mai haƙar rijiya na garin ya tsaya tare da malamai. Ya san gaba nawa ake yi kafin a fasa marmara, ya san launin da ke nuna ruwa ya kusa, kuma da Hausa zai faɗa.

Wasu darussan ba su da mazauni a nan. Akwai wanda ake kai ɗalibai maƙabarta su kwatanta yadda duwatsun kaburbura masu kwanan wata suka ci. A Ingila dabara ce mai kyau. Maƙabartunmu ba su da irin waɗannan duwatsu, kuma ba wurin darasi ba ne. Dutsen niƙa, dakalin masallaci, ginshiƙin gada da tsakuwar kwalta za su maye gurbi. Harshe ma haka. Da Turanci aka rubuta su, an fassara da yawa zuwa Sifaniyanci, Italiyanci, Jamusanci da wasu, amma wanda zai yi bayani da Hausa shi zai nemo kalmominsa. Yana da kyau a ware awa guda a horon a tattara sunayen da mutanen yankin ke kiran ƙasa da duwatsu da su: fako, jigawa, yumɓu, tama, kanwa, farar ƙasa. Kowanne akwai ilimi a bayansa.

Shawarwarin kiyaye lafiya da ke ciki daidai suke, sai dai haɗurranmu daban ne. Lokacin fita daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, a fara ƙarfe 7, a bar kan dutse kafin 11:30, kowa da ruwa lita 3. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, falalen dutse ya zama tanda. Da damina ciyawa ta rufe komai, kwazazzabo kuma yakan cika da ruwan da aka yi a wani gari. Kububuwa tana son gindin duwatsu, ba banza aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo ba, saboda haka takalmi rufaffe, kuma ba a cusa hannu a rami. In za a ɗaga dutse, a ɗago gefen da ke nesa a jawo shi wajen kai, yadda dutsen zai tsaya tsakanin mutum da abin da ke ƙasa. Kogon dutse gidan zuma ne. Ba a tsayawa ƙarƙashin bangon ramin yashi da aka rarake gindinsa. Tafkunan tsofaffin ramukan kuza na Filato suna da zurfi da santsin baki. Wurin haƙar zinare kuwa a bar shi gaba ɗaya: gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta, daga ƙurar niƙa dutsen zinare ta fito, kuma gutsuren da malami zai kai aji yana iya ɗauke da ita. Kafin ranar fita, mai horarwa ya taka wurin da ƙafarsa, ya gaida mai unguwa ko dagaci, ya tambayi halin tsaro, ya san ranar da masu fasa dutse ke sa nakiya. A tsara lokacin salla da wurin kewayawa, musamman saboda malamai mata, in ba haka ba su ne za su fara janyewa.

Sai yawan ɗalibai. Darussan sun ɗauka aji ƙarami ne, alhali ajin da ya haura 60 ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati. Horon da bai koya wa malami yadda zai raba su ba, ranar da aka tashi ranar ya mutu. Abin da ke aiki shi ne tashoshi: wurare biyar a fili ɗaya, tazarar taku 20, kowanne da kati mai tambaya uku, rukuni yana minti 10 ya matsa gaba.

A ganina Earthlearningidea ya cancanci ya zama ƙashin bayan horon, da sharaɗin a haɗa shi da mutum ɗaya da ya san duwatsun yankin, daga sashen ilimin duwatsu na jami'a mafi kusa ko hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa, NGSA, wadda ke da taswirorin duwatsu. Bidiyoyin da ke tare da darussan suna taimakawa, amma ba sa gyara wa mutum riƙon gilashi. Kwana uku sun isa zagayen farko, malamai 12 ga mai horarwa ɗaya. Ranar farko gwaje-gwajen aji da zagayen harabar makaranta. Ta biyu dutse da ramin burji. Ta uku kowane malami ya jagoranci 'yan'uwansa minti 15 a gaban dutsen da bai taɓa gani ba, wani yana ƙirga tambayoyin da ya yi da amsoshin da ya ba da da kansa. A sauke takardun a buga su tun a gari, domin a gindin dutse ba lallai a sami sabis ba, allon waya kuma ba ya karantuwa cikin rana. Kowa ya koma da akwatin gutsure 10 masu lamba, da wuri da kwanan wata a rubuce, da sunan wuri guda da ɗalibansa za su iya zuwa a ƙafa su dawo cikin darasi biyu.